Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana a Dublin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, da fatan kana lafiya kuma aiki yana tafiya daidai. Mu ma nan kalau muke. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kuka da daddawar da ta aika sun iso.

Maganar da ka faɗa mini a waya ranar Juma'a ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka ce kuna hira da dattijon nan ɗan Ayilan da kake haya a gidansa, sai ka ce masa "ku Turawan Ingila da kuka mulke mu", shi kuwa ya yi shiru ya tashi, tun daga ranar gaisuwarsa ta yi sanyi. Kana ganin saurin fushi ne irin na tsufa. A'a ɗana, kai ne ka yi kuskure, kuma ina so ka je ka ba shi haƙuri. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, don haka ban ga laifinka sosai ba, amma bari in gaya maka abin da ka taka.

Mu shekara sittin muka yi a hannun Ingila, daga 1900 zuwa 1960, har yau muna maganarta. Su mutanen Ayilan tun 1169 mayaƙa suka fara ƙetarowa daga Birtaniya suna kama musu ƙasa. A 1609 aka soma ƙwace gonakin arewacin tsibirin ana ba baƙin da aka kwaso daga Ingila da Sikotilan. A 1649 Cromwell, jagoran sojojin Ingila, ya yi kisan gilla a garin Drogheda, wanda bai da nisa da inda kake zaune. Amma abin da ya fi zama a zuciyarsu shi ne yunwar da ta fara a 1845. Cuta ta kama dankalin da talaka ya dogara da shi, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu wajen miliyan ɗaya suka shiga jirgi suka bar ƙasar, alhali ana ta loda hatsi da dabbobi daga tasoshin jirgin ruwansu ana fita da su. Kakarka ta sha ba ku labarin shekarun yunwa a ƙauyenmu, ka san yadda idonta yake cika da hawaye. To, ka ɗauka cewa akwai mai mulki a sama yana kallo, abinci yana wucewa ta gaban masu mutuwa. Kafin yunwar mutanen tsibirin sun haura miliyan takwas, har yau ba su koma wannan adadi ba. Wannan dattijo jikan waɗanda suka tsira ne, kai kuma ka kira shi da sunan waɗanda suka mulke shi.

Sai dai na san halinka tun kana ƙarami. In ka gane ka yi kuskure, kakan wuce gona da iri wajen gyara. Ina tsoron gobe ka zauna a gabansa kana zagin Ingila don ka faranta masa rai. Kada ka yi. Mai yiwuwa ƙanwarsa a Birmingham ta yi aure, mai yiwuwa jikokinsa a Landan aka haife su. Da wuya ka sami gida a can wanda ba shi da ɗan'uwa a ɗaya tsallaken tekun. 'Yan Ayilan ne da yawa suka haƙa hanyoyin jirgin ƙasa na Ingila, 'ya'yansu mata suka cika asibitocinta da aikin jinya. Liverpool da kake goyon bayan ƙungiyarta, je ka tambayi asalin mutanen garin ka ji. Patrick, waliyyin da suke yi wa biki duk 17 ga Maris, daga Birtaniya aka kamo shi bawa yana ɗan shekara 16, ya yi kiwo shekara shida, ya gudu, sannan ya dawo da wa'azi. Daga baya su kuma suka mayar da biki: malaminsu Aidan ne ya kafa gidan ibada a Lindisfarne a 635 ya karantar da arewacin Ingila. Kai da ke son ƙwallo, Jack Charlton da ya ci wa Ingila kofin duniya a 1966 shi ne kocin da ya kai Ayilan gasar a 1990, kuma suna ƙaunarsa kamar ɗan gida. Harshe da haƙori ne su, suna saɓawa, amma baki ɗaya suke kwana.

Ko a mulkin da aka yi mana ba a rabe suke tsaf ba. Akwai 'yan Ayilan cikin sojoji da ma'aikatan daular. Roger Casement ya yi wa Ingila aiki a Kalaba, daga baya ya juya ya nemi 'yancin ƙasarsa, aka rataye shi a Landan a 1916. Matan Ayilan ne kuma suka buɗe makarantar St. Louis a Kano.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda suka sauko. Rikicin Ayilan ta Arewa, tsakanin masu son zama da Birtaniya (galibi Furotesta) da masu son haɗewa da sauran Ayilan (galibi Katolika), ya ci rai fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 10 ga Afrilu, 1998. A 2010 Firayim Minista David Cameron ya tsaya a majalisa ya nemi gafara kan fararen hular da sojoji suka harbe a Derry a 1972. A 2011 Sarauniya Elizabeth ta je Dublin, ta sunkuyar da kai a wurin tunawa da waɗanda suka yaƙi masarautarta, ta buɗe jawabinta da harshensu. Shekara ɗaya bayan haka ta yi musafaha da Martin McGuinness, tsohon jigon IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami tana yaƙar mulkin Birtaniya, wadda ta kashe ɗan'uwanta Mountbatten a 1979. Na kalli wannan a talabijin na daɗe ban ce komai ba, ina tunanin garuruwanmu da har yanzu maƙwabci bai iya haɗa ido da maƙwabci ba.

In aiki ya kai ka Ayilan ta Arewa, ka kame bakinka. Ko sunan gari ɗaya, wani Derry yake cewa, wani Londonderry, kuma daga nan ake gane ɓangaren mutum. Ka bari su fara faɗa. Kada ka tambayi kowa cocin da yake zuwa. Ka kuma tuna, ko da yake babu shinge a kan iyakar, Belfast, babban birnin Ayilan ta Arewa, ƙarƙashin Birtaniya take. 'Yancin zirga-zirgar da ke tsakaninsu na 'yan ƙasashen biyu ne, bizarka ta Dublin ba ta kai ka can ba. Ka nemi tasu kafin ka hau mota.

Dattijon nan kuwa, kada ka je hannu rabbana. Ka kai masa ɗan wani abu na gida, ka ce masa ba ka sani ba ne, ka roƙe shi ya ba ka labarin garin iyayensa. Ka zauna ka saurara kamar yadda kake zama gaban Baffanka. Ka rubuto mini abin da ya ce, ina son in ji.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ka kula da sanyi. Ƙannenka duk suna gaisuwa. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Wassalam,
Mahaifinka