A tura sunan malaman yaƙi da jahilci gasar UNESCO

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ban ɗan fili in yi magana kan kyautar da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke bayarwa duk shekara lokacin bikin ranar yaƙi da jahilci ta duniya, 8 ga Satumba, mu kuma sai dai mu ji a rediyo wasu sun lashe.

Kyaututtukan iri biyu ne. Akwai ta Confucius da gwamnatin Sin ke ɗaukar nauyi tun 2005, wadda ta fi duba manya na karkara da matasan da ba sa makaranta, sai ta Sarki Sejong da Koriya ta Kudu ta kafa a 1989, ita kuma wannan ta ƙarshe wallahi kamar dan mu aka yi ta, tunda abin da take nema shi ne koyar da mutane karatu da harshensu na gado. A 2009 ƙungiyar Tin Tua ta Burkina Faso na cikin waɗanda suka ci, kuma da harsunan manoman yankinsu take koyarwa. To mu da muke da boko da ajami duka, me ya hana?

Ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Hukumar ilimin manya da marigayi Abubakar Rimi ya kafa a Kano a 1980 UNESCO ta karrama ta, dattawa har yau suna tuna azuzuwan dare.

Yanzu fa je ka unguwa bayan la'asar ka gani, malama ɗaya a soron wani gida da allo da guntun alli, matan aure kan tabarma wasu da goyo, mai sayar da awara tana koyon rubuta sunanta dan ta daina dangwala yatsa a banki, ita kuma malamar alawus ɗinta sai ya yi watanni bai fito ba amma ba ta fasa zuwa. Wannan aikin ai shi ake ba kyauta a duniya, matsalar ba mai rubuta shi ya tura.

Kuma malama ba ta iya shiga ita kaɗai, sai gwamnati ko ƙungiyar da ke hulɗa da UNESCO ta gabatar da ita. Shi ya sa nake roƙon hukumomin ilimin manya na jihohinmu su zaga su tattara bayanan irin waɗannan azuzuwa su miƙa kafin a rufe karɓa, sannan dan girman Allah a biya malaman haƙƙinsu tukuna.

Naku,
Mai karatu daga Kano