A Canossa Ba a Raba Addini da Siyasa Ba

Zuwa ga ɗalibin da ya aiko da tambaya a filin tarihi na rediyo,

Assalamu alaikum. Ɗana, ka tambaya ko ranar da Sarkin Jamus Henry na Huɗu ya tsaya ba takalmi a ƙofar Fafaroma a Canossa da ke arewacin Italiya, a 1077, ita ce ranar da Turawa suka raba addini da siyasa, kuma wa ya yi galaba tsakanin su biyun. Amsata ita ce ba a raba komai a ranar ba, kuma a wannan karon wanda ya durƙusa shi ya tashi da riba. Amma ba za ka gane dalili ba sai ka san abin da ake faɗan a kansa.

Bishop a Jamus ta wancan zamani ba limami ne kawai ba. Yana riƙe da gonaki da garuruwa, yana karɓar kuɗin kasuwa da na fito, wani ma har da ikon buga kuɗi da yanke hukunci, duk daga hannun sarki. Shi kuma zai sauki sarki da tawagarsa ya ciyar da su, domin sarkin ba shi da birni guda na zama, rangadi yake yi shekara tana zagayowa. Ranar yaƙi kuma ya kawo mayaƙa. A 981 Sarki Otto na Biyu ya nemi a aiko masa da mahaya masu sulke sama da 2,000 zuwa Italiya, kusan kashi uku cikin huɗu kuwa daga bishop-bishop da shugabannin gidajen zuhudu aka nema. Ga kuma wani abin da ya sa sarakuna suka fi son su: hakimi idan ya mutu ɗansa ya gaje shi, bishop kuwa ba shi da ɗan halas mai gado, don haka duk mutuwa ɗaya kujerar ta dawo hannun sarki.

Ga yadda naɗin yake. Idan bishop ya rasu, wakilan cocinsa su ɗauki zobensa da kwagirinsa su kai fada. Sarki ya zaɓi wanda yake so, galibi daga cikin malaman ɗakin ibadarsa waɗanda ya sani ciki da bai. Ya miƙa masa kwagiri da zobe, ya ce masa ya karɓi cocin, shi kuma ya yi caffa. Sai bayan haka babban bishop ya keɓe shi da addu'a da shafa mai. Kai da ka san yadda gwamna yake miƙa wa sarki sandar girma a ƙasarmu, ba sai an gaya maka cewa mai miƙa sanda shi ake kallo a matsayin ubangida ba. Matsalar ita ce kwagirin alamar kiwon rayuka ne, zoben kuma alamar ɗaurin aure tsakanin bishop da cocinsa. Masu neman gyara suka ce, ta yaya hannun da yake riƙe takobi zai ba da abin da na Allah ne? Sun kuma ga inda abin ke ɓaci: kujera mai kawo dukiya dole a saye ta, wanda ya saya kuma sai ya fanshe kuɗinsa a kan na ƙasa da shi.

Da can sarki ne a sama. A 1046 mahaifin Henry, wato Henry na Uku, ya sa aka kawar da mutum uku masu da'awar kujerar Fafaroma, ya ɗora Bajamushe. Ya rasu a 1056 ya bar ɗa da bai cika shekara shida ba, Roma ta samu sarari, a 1059 aka kafa dokar da ta mayar da zaɓen Fafaroma hannun kadinal-kadinal, wato manyan malaman cocin Roma. Gregory na Bakwai ya hau kujerar Fafaroma a 1073, kuma a cikin kundinsa na 1075 akwai jumloli 27, ciki har da cewa Fafaroma yana da ikon tuɓe sarki da warware caffar da aka yi wa azzalumi. Ka ga wannan ba mai neman fita daga siyasa ba ne. So yake ya zauna a samanta.

Wutar ta tashi ne a kan Milan, inda Henry ya naɗa nasa babban bishop a 1075 alhali Roma tana da wanda ta amince da shi. Gregory ya yi masa kashedi. Henry, da yake bai daɗe da murƙushe tawayen mutanen Saxony ba, ya tara bishop 26 a Worms a Janairun 1076, suka janye biyayya, ya aika wa Gregory cewa ya sauka. A Fabrairu Gregory ya yanke shi daga jama'ar coci, ya kuma warware caffar da aka yi masa.

Nan ne nake so ka tsaya da kyau, domin mutane da yawa suna ɗauka tsoron wutar lahira kaɗai ya karya Henry. Mulkinsa gaba ɗaya a kan rantsuwa ya tsayu: ba shi da sojan albashi, ba shi da ma'aikatan haraji. Wanda aka yanke daga coci ba a cin abinci da shi, ba a zama majalisa da shi. Hakiman da dama can suna jin haushinsa sai suka samu halastacciyar hujja, abin nema ya samu. A Tribur, a Oktoban 1076, suka ba shi wa'adi: idan shekara ta cika ba a ɗage hukuncin ba, sarauta ta kuɓuce. Suka gayyaci Gregory zuwa Augsburg ranar 2 ga Fabrairu, 1077, ya yi alƙalanci. Da wannan zama ya yiwu, da Henry ya ƙare, domin Fafaroma da maƙiyansa na gida za su haɗu a zaure ɗaya.

Sai ya riga su. Hakiman kudu sun tare hanyoyin duwatsun Alps, ya zagaya ta Mont Cenis, ƙasar surukarsa, da matarsa Bertha da ƙaramin ɗansu, cikin tsananin sanyi. Gregory na kan hanyar arewa ya ji labari, ya fake a gidan ganuwar Matilda mai mulkin Tuscany a Canossa. Daga 25 ga Janairu Henry ya tsaya a ƙofa kwana uku cikin rigar ulu, ƙafa ba takalmi. Matilda da Hugh, shugaban gidan zuhudu na Cluny, wanda ya tsaya wa Henry ranar baftisma, suka yi ta roƙo. Ranar 28 aka buɗe masa. A ganina Gregory ba shi da mafita. A matsayinsa na ɗan siyasa maslaharsa ita ce ya ƙi, amma a matsayinsa na limami ba shi da ikon korar mai tuba. Henry ya san da haka, shi ya sa ya zo da shigar mai tuba maimakon ya zo da runduna.

Hakiman duk da haka suka naɗa Rudolf na Swabia sarki a Maris, aka shiga yaƙin basasa. Gregory ya sake yanke Henry a 1080, amma makamin ya dakushe, yawancin bishop-bishop ba su bi ba. Rudolf ya mutu a Oktoban shekarar bayan an sare masa hannun dama a fagen fama. A 1084 Henry ya shiga Roma, Fafaroman da ya ɗora da kansa ya sa masa kambi, Gregory kuwa ya rasu a gudun hijira a Salerno a 1085.

Da ana son raba addini da mulki da gaske, an samu damar a 1111. Fafaroma Paschal na Biyu ya yi wa Henry na Biyar, ɗan Henry na Huɗu, tayin cewa bishop-bishop su mayar da duk ƙasa da haƙƙoƙin da suka samu daga sarki, shi kuma ya daina naɗi. Da aka karanta a cocin Bitrus da ke Roma, bishop-bishop ɗin da kansu suka tayar da hayaniya, maganar ta mutu nan take. Ba wanda ya yarda ya saki.

Abin da aka daidaita a kai a Worms ranar 23 ga Satumba, 1122, tsakanin Henry na Biyar da Fafaroma Calixtus na Biyu, shi ne raba bikin gida biyu. Sarki ya bar zobe da kwagiri. Malaman coci su yi zaɓe, amma a Jamus a gaban sarki ko wakilinsa, idan an yi saɓani kuma yana da ta cewa. Ƙasa da haƙƙoƙin duniya sarki ya ba da su da sandar mulki. Lura da jerin, domin nan ne ƙarfin yake: a Jamus sanda ake fara bayarwa kafin keɓewa, don haka sarki na iya toshe wanda ba ya so. A Italiya da Burgundy kuwa keɓewa ce farko, sanda ta biyo cikin wata shida, lokacin aikin gama ya gama.

Wannan bambancewa tana da nauyi, ban raina ta ba. Ta tilasta wa masana shari'a su riƙa tambayar wane iko ne na coci, wane ne na sarki, kuma ta rage wa sarki alfarmar da yake da ita ta zama kamar rabin limami. Amma mutum ɗaya ne har yanzu yake riƙe da kwagiri da ƙasa. A dokar 1356 da ta ƙayyade mutum bakwai masu zaɓen Sarkin Jamus, uku manyan bishop ne, na Mainz da Trier da Cologne, kuma bishop-bishop sun ci gaba da mulkin ƙasashe a Jamus har 1803, shekara 726 bayan Canossa.

Allah ya ƙara maka basira. Wassalam.