Wasiƙa: Masu sayen garmaho mai tsada, a riƙa saye da kunne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan garmaho na zamani, irin masu tsadar nan na juya faifai, don tunda faifai ya dawo kasuwa (a Amurka ma a 2022 yawan faifan da aka sayar ya wuce na CD, karon farko tun 1987) sai na ga mutane da yawa da ido suke saye, wanda ya fi ƙyalli da nauyi shi ake ɗauka, kuma wallahi abin yana damuna.

Shi fa aikin garmaho bai wuce biyu ba, ya juya faifai daidai, zagaye 33 da sulusi ko 45 a minti ba hawa ba sauka, sannan ya hana jijjiga isa ga allura, domin ita allurar nan ba ruwanta da ko kiɗa ne ko karkarwar inji ce, duk abin da ya motsa ta shi za ta kai lasifika. To a nan maƙeran suka raba hanya. Linn na Glasgow, da LP12 ɗinsu da suke ƙerawa tun farkon shekarun 1970, sun ɗora faranti da hannun allura kan sifirin uku, injin yana gefe yana ja da bel na roba, in ka danna farantin da yatsa za ka ga yana ɗan lilo sama da ƙasa. Rega na Ingila kuwa ra'ayinsu shi ne nauyi riƙe jijjiga yake yi, sai suka koma jiki mara nauyi amma mai tauri. Clearaudio na Jamus suka bi akasin haka, garmahonsu mai suna Statement ya kai wajen kilo 350, shi kuma Air Force One na TechDAS a Japan farantinsa kan iska yake shawagi, ga famfo da ke tsotse faifan ya manne tsaf. Kowa da hujjarsa kuma kowa da matsalarsa, mai sifirin in daɓen ɗakinka na katako ne takun ƙafa kawai ya isa allura ta yi tsalle, kuma sai gwani ya saita maka shi.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne rainin da ake wa wanda injinsa ke juya faranti kai tsaye ba bel, wai na masu kiɗan DJ ne. Technics SL-1200 da ya fito a 1972 ai don masu saurare a gida aka yi shi, 'yan DJ sun rungume shi ne saboda ƙarfinsa da yadda gudunsa ba ya wasa, an daina ƙera shi a 2010 aka dawo da shi a 2016 da sabon inji mai juyi sumul. A ce wannan aibi ne?

Inda aka fi asara dai shi ne mutum ya zuba duk kuɗinsa a gangar jiki ya manta da kan allura, wato ɗan akwatin nan da ke riƙe da allura yana mayar da motsinta sigina. Akwai irin da ake kira MM (moving magnet, wanda maganaɗisu ke motsi a cikinsa) mai fitar da sigina wajen milivolt 3 zuwa 5, in allurar ta cinye ka zare ka sa wata da kanka, akwai kuma MC (moving coil, wanda naɗin waya ke motsi a cikinsa) da galibi bai wuce rabin milivolt ba, wanda dole sai da ƙaramar amfilifaya mai kyau da ta dace da shi, kuma in allurarsa ta ƙare sai an mayar wa masu gyara. Ga nauyin da allura ke sauka da shi kan faifai, yawanci wajen giram 2, in bai yi daidai ba ko kan ya karkace kaɗan, sauti zai riƙa tsagewa a waƙoƙin kusa da tsakiya, faifan kuma yana lalacewa.

Roƙona ga masu rubutu kan kayan sauti a jaridar nan, in za ku yabi garmaho ku faɗa mana da wane hannu, wane kan allura, wace amfilifaya kuka saurare shi, kuma a kan me kuka ajiye shi.

Na gode,
Mai karatunku