Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da manhajar Mellotron: ku maido mini da sakan takwas ɗin da na biya

Zuwa ga shugabannin kamfani da injiniyoyinku na sauti,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne mutumin da ya aiko muku da imel har sau uku cikin mako shida, kuma duk sau ukun amsa ɗaya ta dawo mini, irin wadda kowa ya san ba hannun mutum ne ya rubuta ta ba: an ga saƙona, za a duba. Waɗancan da harshenku na rubuta su. Wannan kuwa da Hausa na rubuta, a bainar jama'a, domin akwai abokan sana'a a nan Kaduna da Kano da suka sayi kayanku saboda ni na ce su saya, kuma suna da haƙƙin sanin abin da ya auku. Ban ambaci sunanku ba, saboda gyara nake nema, ba tozarci ba. Lambar cinikina tana cikin saƙonnin da kuka ajiye.

Ƙaramin sutudiyo gare ni. Bara na sayi manhajarku, wadda kuka tallata da cewa sautin Mellotron, tsohon injin kiɗa mai madannai irin na fiyano, samfurin M400 ne kuka kwaso daga ainihin zaren kaset ɗinsa, madanni bayan madanni, ba ƙari ba ragi. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗi da dala daga Najeriya ya san abin da na sha kafin katina ya shiga. Ban yi nadama ba. Ran da na ɗora ta a kwamfuta na danna madannai uku na gogen Turawa, sai da tsigar jikina ta tashi. Sautin da nake nema tun ina yaro ne, ga shi a ƙarƙashin yatsuna, da 'yar rawar muryarsa, da shuuu ɗin kaset a bayansa, kuma da sakan takwas suka cika ya ɗauke ɗif, kamar yadda ya kamata.

Watan jiya manhajar ta sabunta kanta da kanta, kuma wannan sautin ya tafi.

Dole in yi bayanin abin da ya tafi, don alamu sun nuna wanda ya yanke wannan shawara a wajenku bai taɓa ɗaga murfin injin ya leƙa ba. Ni sau ɗaya Allah ya nufe ni da haka, a wani sutudiyo a Ingila inda na je ƙaro sani, kuma har yau hoton bai bar idona ba. Farin akwati ne mai madannai 35. A ƙarƙashin kowane madanni akwai zaren kaset nasa na kansa, mai faɗin kashi 3 cikin 8 na inci, suna rataye a jere cikin firam ɗaya kamar zaren da masaƙi ya ja. Wani dogon sandan ƙarfe yana ta juyawa muddin injin na kunne. Idan ka danna madanni, 'yar tayar roba ta matse zaren a jikin sandan, wani ɗan ƙyalle ya danne shi a kan hed, zaren ya fara tafiya da gudun inci 7.5 a sakan, wato ninki huɗu na gudun kaset ɗin da muka saba da shi a gida. Zaren ba zagaye yake ba. Yana da farko, yana da ƙarshe. Bayan kimanin sakan takwas ya ƙare, sauti ya mutu. Ka ɗaga yatsa, sifirin ya fizgo shi ya mayar da shi farko. Mai sutudiyon ya sa na kara kunne a jikin akwatin, na ji ƙarar komawarsa, fyat, kamar an zare bel. Kowane zare yana ɗauke da sauti uku gefe da gefe, yawanci goge da sarewa da muryoyin mawaƙa, akwai ɗan makunni da ke gusar da hed daga wannan zuwa wancan, in ka tsayar da shi tsakani sai biyu su gauraya.

Mu da muka tashi da kaset, da goge hed da auduga da sifirit, da naɗe zare da biro idan rediyo ta cinye shi, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san kaset yana miƙewa, mun san murya na yin ƙasa idan batir ya yi sanyi. To a cikin wannan akwati kaset 35 ne ke jiran mota guda, wato injin da ke juya sandan, ta ja su. A tsofaffin injinan, in ka danna madannai da yawa lokaci ɗaya nauyi ya yi wa motar yawa, sautin duka ya ɗan sunkuya. Zafi da sanyi da wutar da ba ta tsaya wuri ɗaya ba duk suna taɓa shi.

Tarihinsa kuna da shi a shafin tallarku, amma da alama ba ku karanta abin da kuka rubuta ba. Harry Chamberlin ne ya ƙirƙiro dabarar a Amurka tun ƙarshen shekarun 1940, da nufin mutum ya zauna a falonsa ya kaɗa kamar yana da ƙungiyar makaɗa. A 1962 wakilin cinikinsa, Bill Fransen, ya tsallaka da biyu daga cikin injinan zuwa Ingila, ya haɗu da 'yan uwan nan uku na gidan Bradley a Birmingham, wato Leslie da Frank da Norman, kuma a 1963 Mellotron na farko ya fito. Samfurin Mk II na 1964 ƙato ne mai jerin madannai biyu, an yi shi ne don falon masu hali, ɓangaren hagunsa cike da kiɗan rawa da aka riga aka naɗa. M400 da kuka ce kun kwafa ya zo a 1970, mara nauyi idan aka kwatanta, wanda ake iya zare firam ɗin kaset ɗinsa a sa wani. Tun farko ba wanda ya ƙera Mellotron don matasa masu dogon gashi da ke yawo da kaya a bayan mota daga gari zuwa gari. Su suka ɗauke shi da kansu, domin suna son faɗin sautin ƙungiyar goge, kuɗin ɗaukar makaɗa talatin kuwa babu. Mike Pinder, wanda ya yi aiki a masana'antar da ke ƙera shi kafin ya yi suna da ƙungiyar Moody Blues, ya san cikinsa da bayansa, kuma shi ya nuna wa sauran hanya a 1967.

Daga nan kiɗan da ake kira furogiresib rok ya sami muryarsa. Yayana ne ya dawo daga karatu da kaset ɗin ƙungiyar King Crimson na 1969, In the Court of the Crimson King, wanda Ian McDonald ya kaɗa Mk II a ciki. Ban kai shekara goma sha biyu ba a lokacin, ban san sunan injin ba, abin da na sani kawai shi ne akwai wani goge a ciki da bai yi kama da gogen kowa ba, mai sanyi, mai nisa, kamar daga wani tsohon ɗaki ake jiyo shi. Na girma kafin na gane dalili. Kowane madanni naɗi ne daban na mutane masu rai da suka ja tsirkiya a rana guda a ɗaki guda. Wannan ya ɗan haura, wancan ya ɗan gaza, wani an ja shi da ƙarfi, na kusa da shi da taushi. In ka haɗa uku, suna gogar juna, kuma wannan gogayyar ce ke taɓa zuciya.

Iyakar sakan takwas ita ta koya wa makaɗan yadda za su riƙe hannu. Ba ka da ikon danne haɗin sauti ka kwanta a kai. Kafin zare ya ƙare sai ka ɗaga yatsa ɗaya ka sauke wani, ka juya haɗin, ka ba zaren farko damar komawa gida, sannan ka dawo masa. Shi ya sa gogen waɗannan faya-fayan kullum yana motsi a hankali, yana numfashi. 'Yan ƙungiyar Genesis sun sayi tsohon Mk II daga hannun King Crimson, kuma buɗewar waƙarsu Watcher of the Skies a 1972 makaɗinsu Tony Banks ya gina ta ne a kan haɗin sautukan da suka fi daɗi a wannan injin nasa, da karkatar muryarsa da komai. Wato injin ya sa hannu a rubuta kiɗan. Makaɗan sun sha wahalarsa, ba na musu. Ya sha lalacewa a tsakiyar wasa, kuma da na'urorin dijital suka iso aka watsar da shi har masana'antar ta rufe a 1986. Amma da ƙungiyoyin Suwidin irin su Änglagård da Anekdoten suka tashi farfaɗo da wannan kiɗa a farkon shekarun 1990, tsofaffin akwatunan suka je suka nemo, alhali sabbin fiyano masu tsaftataccen sauti sun cika kasuwa. Sun san abin da suke nema.

Ga abin da kuka yi a sabuntawarku. Kun ɗinke ƙarshen kowane sauti da tsakiyarsa, yanzu in na danna madanni zai yi ta kuka har gobe. Kun daidaita muryar kowane madanni da na'ura, rawar nan ta tafi. Kun share shuuu ɗin kaset, kuka share rabin iskar sarewar tare da shi. Waɗannan uku kun faɗe su da bakinku a takardar sabuntawa, kuka kira su ingantawa. Na huɗun ne ba ku faɗa ba, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Na lura nauyin fayilolin ya ragu da fiye da rabi, sai na zauna na gwada: na naɗi madanni biyu maƙwabta, na rage gudun ɗaya har muryarsu ta zo ɗaya, na ɗora su a kan juna a allo. Layi ɗaya ne sak. Kun ɗauki madanni guda kun miƙa shi ya rufe na gefensa. Naɗi 35 kuka sayar mini, yanzu abin da ke kwamfutata bai kai haka ba, kuma har safiyar yau shafinku yana cewa madanni bayan madanni.

Abin bai tsaya a jin daɗin kunnena ba. Wata huɗu na yi ina haɗa kiɗan wani fim na tarihi a kan tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa. Akwai wurin da wani dattijo ke tsaye a bakin dogo yana lissafa abokan aikinsa da suka riga mu gidan gaskiya. Na auna gogen yadda zai ɗauke daidai inda dattijon ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Ban yanke shi da hannu ba, na bar zaren ya ƙare da kansa, da 'yar shaƙewar nan da yake yi a ƙarshe. Mai fim ɗin da ya ji bai ce komai ba, sai ya cire tabarau ya goge ido. Bayan sabuntawarku na buɗe aikin don in ƙarasa haɗa sauti, sai ga goge yana ta zuba a kan shirun dattijon, sumul, mai sheƙi kamar kiɗan tallar sabulu. Wurare goma sha bakwai ne a fim ɗin suka lalace haka. Na nemi tsohuwar manhajar a asusuna, kun cire ta. Na nemi inda zan kashe sababbin gyare-gyaren, babu.

Na san abin da za ku ce, don na gani a amsar da kuka ba wasu: masu saye da yawa sun yi kukan sauti na yankewa, wasu sun ɗauka manhajar ce ta lalace. Ban raina su ba. Yaron da ke haɗa kiɗa a ɗakinsa yana son goge mai tsawo, yana da gaskiyarsa, kuma ko a zamanin can an yi wannan tunani, shi ya sa aka ƙera wani inji, Birotron, da kaset mai zagaye, da kuɗin makaɗi Rick Wakeman, ko da yake bai yi nisa ba. Ku ba shi abin da yake so. Amma makunni ɗaya ya isa ya raba mu, wanda ke son mai tsawo ya kunna, ni in kashe. Abin da ba ku da ikon yi shi ne ku shigo kwamfutata da dare ku ɗauke abin da na biya, ku ajiye wani, ku bar masa tsohon suna. Idan na kai wa tela shadda ya ɗinka, ba zai dawo bayan shekara ya musanya mini da yadi ba don ya ga ya fi saurin guga.

Akwai kuma nauyin da nake ji game da mutanen da aka naɗi muryoyinsu da gogensu a waɗancan zaruruwa shekaru hamsin ko fiye da suka wuce. Kowannensu ya zauna ya ja sauti ɗaya tsawon sakan takwas, ya huta, ya ja na gaba, har aka gama jerin. Madannan da kuka jefar aikin hannunsu ne.

Buƙatata ita ce ku mayar da tsohuwar manhajar cikin asusun duk wanda ya saye ta, mu sauke ta yadda take. In kuna son ci gaba da sabuwar, ku sa mata makunnin da zai maido da iyakar sakan takwas da muryar asali da sautin kaset, ku dawo da naɗin kowane madanni. Idan kuwa kun ƙudura ba za ku yi ko ɗaya ba, to ku goge maganar madanni bayan madanni daga shafinku, ku maido mini da kuɗina, da ni da mutum biyar ɗin da suka saya a kan maganata, waɗanda tuni na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Kuma don Allah wannan karon mutum ya amsa mini, wanda zai iya buɗe fayilolin ya yi gwajin da na yi. Ba zai ɗauke shi minti goma ba.

Ranar 30 ga watan nan zan miƙa wa mai fim aikinsa. Ina duba imel ɗina safe da yamma.

Naku,
Mai sutudiyo, kuma mai sayen kayanku,
Kaduna