Ƙullin Ma'ajiyar Ƙwai: A Tambayi Likita Kafin a Shiga Tiyata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci a kan cutar da likitoci ke kira endometiriyosis, musamman ƙullin da take haddasawa a ma'ajiyar ƙwan mace da kuma yadda ake yi masa aiki.

Asalin cutar shi ne wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajen mahaifa, yana zubar da jini duk lokacin al'ada alhali jinin ba shi da hanyar fita. Idan ya kama ma'ajiyar ƙwai, sai jinin ya taru ya tsufa ya yi kauri kamar narkakken cakulan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, wato kusan miliyan 190, na fama da ita. A wurinmu kuwa, budurwar da ciwon mara ke kwantarwa duk wata haƙuri ake ba ta, a ce aure zai warkar da ita, sai an yi auren haihuwa ta ƙi zuwa sannan a je hoton ciki a tarar da ƙulli.

Yanzu ba dole ba ne a tsaga ciki. A aikin laparoskofi, likita yakan yi huda uku ko huɗu, kowace kamar santimita 1 ko ƙasa da haka, ya hura iskar gas domin ciki ya buɗe, ya zura kyamara ta cibiya, ya yi aikinsa yana kallon allo. Mace takan koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma ba a cika samun mannewar kayan ciki kamar bayan babbar tiyata ba.

Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda mutane ke ruɗuwa da ƙanƙantar tabo su manta da abin da aka yi a ciki. Idan aka zuƙe jinin kawai aka bar fatar ƙullin, galibi yakan sake cika. Idan aka ɓare fatar gaba ɗaya, wanda shi ne ƙa'idojin ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai na 2022 suka fifita domin rage dawowar ciwon, to akan tafi da wani sashe na lafiyayyen nama tare da ƙwayayen da ke cikinsa, kuma ƙwan mace ba ya ƙaruwa, da adadinsa aka haife ta. Haɗarin ya fi yawa idan ƙullin na gefe biyu ne ko kuma aiki na biyu za a yi. Akwai kuma hanyar zuƙe jinin a wanke cikin ƙullin da sinadarin etanol domin ya bushe, wadda ake dubawa ga masu ƙarancin ƙwai.

Saboda haka, 'yar'uwa, kafin ki sa hannu a takarda ki nemi gwajin jini na AMH, wanda ke nuna yawan ƙwan da ya rage, ki kuma tambayi likita ko ƙullin kaɗai zai cire ko har da ma'ajiyar. Mazaje ma su raka matansu su ji da kunnensu, domin sau da yawa su ke biyan kuɗi kuma su ke matsawa a yi gaggawa. Wadda ba ta neman ciki nan kusa, ƙwayoyin daidaita al'ada bayan aiki suna rage dawowar ƙullin ƙwarai.

Ina kira ga Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada su ƙara horar da matasan likitocin mata a wannan fanni, ita kuma Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta duba yadda za ta sauƙaƙa kuɗin aikin da na gwajin ga mai ƙaramin ƙarfi.

Wassalam.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Kubwa, Abuja.