Allura ta soki sista, ba wanda ya rubuta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun da na yi jinyar ƙanena kwana tara a wani asibitin gwamnati.

Na shekara 14 ina aiki da wani kamfanin mai a Neja Delta. A can ko sifana ce ta suɓuce daga sama ba ta samu kowa ba, sai an cike takarda, washegari a taru a tattauna kafin a kama aiki. Lebura na da ikon tsayar da aiki in ya hango haɗari, kuma a inda na zauna dai manaja bai isa ya harare shi ba. Ba wanke kamfanonin mai nake yi ba, kowa ya san abin da malalar mai ta yi wa ƙasar Ogoni. Wuya ce ta koya musu. A 1988 dandamalin haƙo mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, a gaɓar Birtaniya, ya kama da wuta, mutum 167 suka mutu. Masu aikin rana sun cire bawul ɗin wani famfo don gyara, labari bai kai ga masu dare ba, suka kunna shi.

To a dare na uku a asibiti aka ɗauke wuta. Sista ɗaya ce ke riƙe da ɗakin maza gaba ɗaya, tana aiki da fitilar waya. Kwalin zuba allurai ya cika maƙil, tana tura sirinji sai wata tsohuwar allura ta huda safar hannunta. Ta wanke yatsan, ta koma kan aiki.

Na ce, "Sista, ba za ki kai rahoto ba?"

Ta ce, "Baba, in na faɗa, ni za a ce na yi sakaci."

Alhali maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki sai an fara shan sa cikin awa 72 yake amfani, ga kuma haɗarin kamuwa da ciwon hanta. Da safe ta miƙa aiki a tsaitsaye ta tafi. Har aka sallame mu ba a sauya kwalin ba.

Don Allah ku tura wakilinku ya tambayi ma'aikatar lafiya: ma'aikata nawa allura ta soka bara, kuma a wane littafi aka rubuta?

Naka,
Tsohon ma'aikacin mai, daga Kaduna