Godiya ga gidan maginan da suka tsayar mana da zauren kakanmu

Assalamu alaikum. Zuwa ga Baba Alhaji da ɗansa Injiniya da duk ma'aikatan gidanku, magina da kafintoci da leburori har da yaron da yake turo mana ruwa a kura.

Na rubuto ne a madadin gidanmu in yi muku godiya a bainar jama'a, don wadda muka yi muku ranar da kuka kwashe kayan aiki wallahi bata ishe mu ba. Ban kama suna ba saboda Baba Alhaji yace baya so, amma duk wanda yake cikin birnin Zazzau kuma ya taɓa neman magini ya san gidan da nake nufi.

Ga waɗanda basu san zancen ba, zauren gidanmu ginin ƙasa ne tun na kakanmu, da tulluwa da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da yake riƙe rufi ta ciki, da zankwaye a sama, toh shekarun baya aka kawo wani ya shafe shi da siminti ta waje wai don a huta da yaɓe duk shekara, daminar bara sai ga tsaga tun daga sama har ƙasa ta gefen gabas, filasta tana ɓallowa faifai faifai. Ɗan kwangilar da muka fara kira ko minti goma bai yi ba yace a rushe a zuba bulo a buga kwano, har ya fara lissafin rodi. Da yawa cikin 'yan gidanmu sun yarda, kuma ban ga laifinsu ba, tsoro suke kar ya faɗo kan yara masu karatun allo.

Ranka ya daɗe Baba, da ka zo baka ce komai ba, sai ka bi bangon kana ƙwanƙwasa shi da kan sandarka kana saurare, inda yayi ƙarar kwabo-kwabo sai kace a yi alama da gawayi, sannan duk da shekarunka ka ce a kawo tsani ka hau sama da kanka. Can ka samu indararo biyu sun toshe da ƙasa da ciyawa, ruwa yana kwanciya yana bi ta bayan simintin. Kace siminti baya kama ƙasa, rufe ta kawai yake, ruwa in ya shiga baya samun hanyar fita sai ya zauna yana cin ginin ta ciki, amma azarar lafiyarta ƙalau don giginya ce gara bata cika yi mata komai ba. Kace ginin nan bai mutu ba, mu ne muka toshe masa numfashi. Kuma kowa ya san rushewa da sabon gini shi yafi kawo muku kuɗi nesa ba kusa ba, amma kuka zaɓi gyara.

A wajen aikin ne na samu tarihin gidanku, don Baba in ana hutun azahar baya rowar labari. Mahaifinsa magini ne na ƙasa zalla, tubali da azara da makuba, irin mutanen da suka tashi a ƙarƙashin sarautar Sarkin Magina, sana'ar da a garin nan ake danganta ta da Babban Gwani Malam Mika'ilu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu da yayi sarauta daga 1834 zuwa 1846, har yau ga unguwa nan da sunan Babban Gwani. Shi Baba yana yaro cuɗa ƙasa ya fara, da ƙafa, sai jifan tubali ga wanda yake saman katanga, sai da ya daɗe kafin a bar shi ya taɓa aikin bakan gizo. Yana cikin ƙarfinsa aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974 kuɗi suka shigo hannun ma'aikata, kowa sai bulo da kwano, ginin ƙasa ya zama abin kunya, magina da yawa suka watse wasu suka koma leburanci a ƙarƙashin yaran da suka haifa. Baba bai tsaya jayayya da zamani ba, ya je ya koyi ɗora bulo da zuba linta da karanta zanen gida, ya yi rajistar kamfani, amma bai yar da na gado ba. Yanzu ga ɗansa Injiniya ya yi karatun gini a jami'ar ABU ya dawo gida maimakon ya tafi Abuja kamar abokansa.

Abinda yafi burge ni shine yadda uba da ɗa suke aiki tare, don ba ko yaushe suke yarda da juna ba. Injiniya ya dage sai an tona gindin bangon an sa dutse da ɗan kankare an gyara magudana ta yadda ruwan layi zai daina kwanciya a jikin ginin, Baba ya yi shiru sannan yace wannan kam kai ka fini gaskiya. Da aka zo yaɓe kuma Injiniya ya koma gefe ya zama ɗalibi, Baba ne ya zaɓi ƙasar, ya sa aka cuɗa ta da ciyawa aka bar ta ta kwana ta ruɓa kafin a taɓa, aka jiƙa makuba ta ɗorawa aka gama da ita. Ni dai a ganina irin wannan ne yake ƙaranci, masu takarda suna raina tsofaffi, tsofaffi kuma suna ganin masu takarda yara ne. Alhali a Nijar wani magini na gargajiya Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa a garin Yama ta jihar Tawa har aka bashi kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, mu nan muna rushe namu muna murna.

Sai maganar amana. Kuɗin da kuka faɗa tun farko shi muka biya duk da kaya sun tashi ana cikin aiki, buhunan siminti da suka rage Injiniya ya kira yayanmu ya damƙa masa da rasit, ma'aikatanku ko sau ɗaya basu leƙa cikin gida ba sai sun yi sallama an basu izini, kuma da yamma sai sun share wurin kafin su tafi. Hajiya tace lallai in saka wannan na ƙarshen don shi yafi tsaya mata a rai.

Damina ta zo ta wuce, ko ɗigo bamu gani ba, kuma Baba ya aiko yaro ya duba indararon bayan ruwan farko ba tare da mun kira ba. Roƙona ɗaya Baba, dan Allah a ƙara ɗaukar yara masu koyo, ko ba 'yan gida ba, don masu iya ɗaure bakan gizo a garin nan yanzu ƙalilan ne, akwai ɗan ƙanena da ya gama sakandare yana zaune, in da wuri zan kawo shi bayan sallah.

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa Injiniya da sauran zuri'a albarka, ya tsare ma'aikatanku a saman gini da ƙasa. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Naku,
ɗaya daga cikin jikokin mai zauren, a madadin dukkan iyalan gidan.